Ƙudan da aka haska ba ya ɗaukar guba zuwa gona

Mutane da yawa da zarar sun ji an ce ana haska ƙwari da nukiliya a sake su a gona, sai hankalinsu ya tashi, wai ƙudan zai shafa wa amfanin gona guba. Ba haka abin yake ba.

A masana'anta ake kiwon ƙudajen. Kafin su yi fiffike, sai a haska su da hasken gamma daga sinadarin cobalt-60. Hasken yana ratsa su ne ya wuce, kamar yadda na'urar ɗaukar hoton ƙashi a asibiti ke ratsa mutum, kuma babu wanda ke komawa gida da hasken a jikinsa. Babban abin da ya lalace shi ne ƙwayar haihuwa. Namijin zai tashi, ya yi barbara da macen daji, ita kuma ta saka ƙwan da ba zai ƙyanƙyashe ba.

Da wannan dabarar tsibiran Okinawa na Japan suka kawar da ƙudan da ke ɓata kankana da kokwamba a 1993. Wahalarta dai tsada ce, don sai ƙudajen da aka haska sun rinjayi na daji nesa ba kusa ba, ana sakinsu mako-mako na tsawon shekaru.