Me Ake Nufi da Cohesion a Rubutun Turanci?

Ɗaliban da ke shirin rubuta jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE a unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi sun saba jin malaman Turanci suna ambaton kalmar cohesion, musamman idan aka mayar musu da insha'insu an ja jan biro a tsakanin jimloli. Abin da kalmar take nufi shi ne yadda jimloli suke riƙe da juna, ta yadda mai karatu zai bar ɗaya ya shiga wata ba tare da ya tsaya yana neman inda zaren ya tsinke ba. Ana iya kiransa ɗinkin zance. Hukumar WAEC mai shirya wannan jarrabawa, wadda aka kafa a 1952 kuma hedikwatarta take a Akra, tana ware maki na musamman ga tsarin rubutu a takardar insha'i, baya ga makin abin da aka faɗa, da na iya sarrafa harshe, da na ƙa'idojin rubutu.

Masana harshe biyu, Michael Halliday da Ruqaiya Hasan, su ne suka yi fice wajen fayyace wannan batu a 1976, inda suka kasa hanyoyin ɗinkin gida biyar: nuni da abin da aka riga aka ambata, musanya kalma da wata, share abin da aka riga aka fahimta, amfani da mahaɗai, da kuma maimaita kalma ko kawo 'yar'uwarta a ma'ana. Abin lura shi ne mahaɗai, wato irin su however da therefore da moreover, kashi ɗaya ne kawai daga cikin biyar, amma su ne ɗalibai suka fi haddacewa, har a ga yaro ya dasa furthermore a farkon kowane sakin layi kamar mai zuba gishiri a miyar da ba ta nuna ba.

Mahaɗi alama ce ta dangantakar da take akwai tsakanin tunani biyu. Therefore tana shaida cewa abin da ke tafe sakamako ne na abin da ya gabata, however kuma tana gargaɗin cewa za a karkata. Idan babu wannan dangantakar, kalmar ta zama allon hanya mai nuna garin da babu shi. A ganina, mafi yawan santsin rubutun Turanci yana fitowa ne daga wani abu da ba a cika koyarwa ba, wato fara jimla da abin da mai karatu ya riga ya sani, sannan a ajiye sabon bayani a ƙarshe, inda jimla ta gaba za ta ɗauke shi. Wanda ya rubuta cewa 'yan kasuwa suna kawo albasa daga Bawku zuwa Kumasi, sannan ya fara jimla ta biyu da these onions, ya ƙulla zancensa ba tare da mahaɗi ko ɗaya ba.

Mai jin Hausa yana da riba a nan, domin harshensa yana yin irin wannan aikin. Muna cewa "na sayi littafi, littafin ya ɓace", kuma wannan -n da ta maƙale a ƙarshen kalmar ita ce take yin abin da kalmar the take yi a Turanci bayan an gabatar da abu da kalmar a. Sai dai akwai wuraren da harsunan biyu suka raba hanya. A Hausa babu laifi a ce "ko da yake ya gaji, amma ya zo", alhali Turancin rubutu ba ya yarda a haɗa although da but a jimla ɗaya irin wannan, dole a zaɓi ɗaya. Haka nan kalmar sai, wadda take jan labari cikin daɗi a bakinmu, idan aka mayar da ita and then sau shida a jere, rubutun yakan zama kamar na ɗan firamare. Ga kuma matsalar it: Hausa tana bambanta mota da keke da "ta" da "ya", Turanci kuwa it ɗaya ce ga dukansu, saboda haka idan abubuwa biyu suka gabata, gara a maimaita sunan wanda ake nufi.

Akwai kuma batun alamomin rubutu, wanda yake cinye maki ba tare da ɗalibi ya ankara ba. But tana iya haɗa jimloli biyu da waƙafi kawai, amma however ba ta da wannan ikon, domin tana bukatar aya ko waƙafi mai ruwa a gabanta, sannan waƙafi a bayanta. Ɗalibin da ya rubuta The lorry was full, however we entered ya yi kuskure, gyaransa kuwa shi ne The lorry was full. However, we entered.