Wai mece ce RAID ɗin nan da ake ta faɗi a kasuwar kwamfuta?

Kwanaki wani ƙanena mai ɗaukar bidiyon biki ya kira ni daga kasuwar Banex da ke Wuse 2 a Abuja, ya ce Yaya an ce in sayi had diski biyu a yi musu RAID, wai editin zai riƙa gudu kuma aikina ba zai taɓa ɓacewa ba. Na ce masa tsaya tukuna, RAID ai iri-iri ce, wacce daga ciki? Don gudu da amana ba kullum ake samunsu a haɗi ɗaya ba.

RAID dai dabara ce ta haɗa diski biyu ko fiye, kwamfuta ta riƙa ganinsu kamar guda ɗaya. Wasu masu bincike uku a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, su suka yaɗa sunan a wata takarda a 1988, lokacin babban diski tsada gare shi sai suka ce a tara ƙanana masu araha su yi aikin babba.

RAID 0 ita ce mai ruɗin mutane. Tana yanka fayil gunduwa-gunduwa ta raba wa diskin biyu, kowanne na rubuta nasa a lokaci guda, shi ya sa gudun ke kusan ninkawa kuma in kowanne tera 2 ne (tera ma'aunin girman diski ne) ka samu tera 4 cif. Amma fa ranar da ɗaya ya mutu komai ya tafi, har abin da ke kan mai lafiyan, don rabin fayil ba ya buɗuwa. Ka duba bidiyon ɗaurin aure da kamu da dina, abin da ba a maimaitawa, da wane bakin za ka yi wa uwar amarya bayani? Wallahi abin nan na damuna, don da yawa ba a gaya musu kafin a haɗa.

RAID 1 kuwa duk abin da aka rubuta a wannan ana rubuta shi a wancan, tera 2 da tera 2 su ba ka tera 2 kacal, amma in ɗaya ya tsaya aiki bai tsaya ba.

RAID 5 na buƙatar aƙalla diski uku, kuma lissafi take yi. Kamar ka rubuta 3 a nan, 4 a can, sai ka ajiye jimlarsu 7 a wuri na uku, in 4 ta ɓace ai daga 7 da 3 za ka gano ta, to kusan haka take sake gina abin da ya salwanta. Diski uku masu tera 2 za su ba ka tera 4. Matsalar ita ce sake ginin kan ɗauki awanni da yawa sauran diskin na ta wahala, in wani ya ƙara mutuwa a tsakiya shi ke nan. RAID 6 na jure mutuwar biyu, RAID 10 kuma ta haɗa gudun 0 da amanar 1, duka biyun sai da diski huɗu aƙalla.

In gudu kawai ake nema ma, diski mai juyi 7200 a minti da ƙyar yake wuce megabait 200 a sakan, alhali SSD, wato diskin zamani da ba ya juyi, irin na SATA guda ɗaya na kaiwa wajen 550, SSD irin na NVMe kuma dubbai yake yi.

Kuma RAID ba bakof ba ce, wato ajiye kwafin aiki a wani wuri daban. In ka goge fayil bisa kuskure ko bairos ya shiga, nan take abin zai shafi duk diskin, haka in wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona injin ko ɓarawo ya ɗauke shi. Sai na ce wa ƙanen nawa ya sayi SSD ɗaya na editin, diski biyu a RAID 1 na ajiya, da wani na waje da zai riƙa kwafe aiki a kai duk Juma'a ya kai gida ya ajiye, canjin da ya rage kuma ya sa a UPS, batirin nan da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta.