Jumel ko teleskop: wanne mai son kallon taurari zai fara saya?

Da bazara a Tawa kowa a waje yake kwana, kuma daren da wuta ta ɗauke sai ka ga sama ta cika fal kamar an watsa gero. A irin wannan dare ne ɗan yayana, wanda ke karatu a lise, ya ce mini yana tara kuɗi zai sayi madubin hangen nesa. Tambayoyin da ya yi mini su ne kusan duk mai farawa ke yi, shi ya sa na ga ya dace in rubuta su da amsoshin da na ba shi.

Baba, ba teleskop ne abin kallon taurari ba? Me zai kai ni ga jumel?

Na ce masa ya fara da jumel, wato madubin nan mai ido biyu da ake riƙewa a hannu. Sama faɗi gare ta, mai farawa kuma bai san hanyoyinta ba. Teleskop yana nuna maka ɗan yanki ne ƙanƙane, galibi ma a kife, sai ka yi rabin awa kana neman abu ɗaya ba ka same shi ba, ranka ya ɓaci, ka mayar da shi kwali. Jumel kuwa inda ka juya kanka nan yake kallo, da ido biyu, hoton a miƙe. Yana shiga jaka, ka hau babur da shi ka fita bayan gari. Na san gidajen da teleskop ke jingine bayan ƙofa yana shan ƙura, abin yana ba ni tausayi, don kuɗi ne aka zuba da kyakkyawar niyya.

Mene ne ma'anar 7x50 da 10x50 da ake rubutawa a jikinsa?

Lambar farko ita ce sau nawa yake kusanto da abu. Ta biyu faɗin gilashin gaba ce da milimita, kuma ita ce ta fi muhimmanci da dare. Taurari ba ƙanƙanta ce ke ɓoye su ba, ƙarancin haske ne. Ƙwayar idon matashi a cikin duhu ba ta wuce milimita 7 a buɗewa, gilashi mai milimita 50 kuwa yana tara haske kusan sau 50 fiye da haka. Kamar bambancin tarar ruwan sama da kofi ne da tararsa da babbar roba. Don haka 7x50 ko 10x50 za ka nema. Wanda ya wuce sau 10 hannu ba ya iya riƙe shi tsaye, tauraro zai yi ta rawa har kanka ya yi ciwo.

To me zan gani da shi?

Fara da wata, amma ba daren sha huɗu ba, lokacin haskensa ya yi yawa, komai ya baje. Ka duba shi yana da kwana 6 zuwa 9. Ka shimfiɗa tabarma, ka kwanta rigingine, ko ka kafa gwiwar hannunka a kan katanga, ka bi layin da ya raba haske da duhu. A nan ramuka da duwatsu ke fitowa da inuwarsu, a nisan kilomita kusan 384,000. Ranar da na fara miƙa wa yaron nan nawa, shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Subhanallahi, Baba, ashe ba sumul yake ba."

Sai Kaza da 'ya'yanta, da ke fitowa da almuru daga watan Nuwamba. Ido yana ƙirga shida ko bakwai, jumel zai nuna maka gommai. Idan Mushtari, wato duniyar Jupiter, na sama, ka tsayar da hannu sosai, za ka ga 'yan ɗigo har huɗu a jere kusa da shi, gobe kuma sun sauya wuri. Watanninsa ne, waɗanda Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya gani a Janairun 1610 da madubin da bai kai naka kyau ba. Muna da wata sa'a kuma: Tawa tana kusan digiri 15 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka muna ganin taurarin kudu da mutumin Faransa ba ya gani daga ƙasarsa.

Zoben da ke kewaye da Zuhal, wato duniyar Saturn, fa?

Wannan sai teleskop. Yana son kusantowa sau 30 ko fiye.

Idan lokacin teleskop ya yi, wanne zan zaɓa?

A nan ake cutar mutane. Za ka ga kwali mai hotuna masu launi an rubuta yana kusantowa sau 500 ko 600, gilashinsa kuwa milimita 60 ne kacal. Ƙa'idar da masu wannan harka suka sani ita ce, kusantowa mai amfani ba ta wuce ninki biyu na faɗin gilashin, wato mai milimita 60 iyakarsa wajen sau 120. Abin da ya haura haka dishi-dishi ne. Ka dubi ƙafafunsa ma: idan ka taɓa shi da yatsa ya yi ta karkarwa, bar shi. Duniya tana juyawa, abin da kake kallo yana zamewa daga gani cikin ɗan lokaci, dole ka riƙa bin sa a hankali, ƙafa mai rawa ba ta barinka. Ni abin da nake ba da shawara shi ne irin wanda ake kira Dobson, mai madubi milimita 130 ko 150, wanda ke zaune a kan akwatin katako, ana tura shi da hannu.

Yaya zan gane jumel mai kyau a kasuwa, musamman na hannu?

Kada ka biya sai ka gwada. Ka auna eriya ko turken lantarki mai nisa. Idan ka ga abu biyu, ko idonka ya fara ja da kansa, gilasan ciki sun goce, kada ka saya ko da an karya maka kuɗi. Sannan ka riƙe shi nesa da fuskarka ka fuskanci sarari: ɗigon hasken da ke cikin kowane ido ya zama kewayayye. Ka guji masu jan gilashi mai ƙyalli da masu zum, wato waɗanda ake ƙara ko rage kusantowarsu, da dare duhu gare su.

Ƙurar hunturu ba za ta hana ba?

Tana hanawa. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai dararen da hazo ke rufe komai sai wata. Lokacin da na fi so shi ne bayan ɗaukewar damina, Oktoba da Nuwamba, ruwa ya wanke sama. Ka fita 'yan kilomitoci ta hanyar Abalak, ka bar fitilun gari a baya, ka ba idonka minti 20 ya saba da duhu ba tare da duba waya ba. Ƙurar kuma tana cin gilashi. Kada ka goge shi da bakin riga, yashi ne zai karce shi. Ka busa ƙurar tukuna, sannan ka sa ƙyalle mai laushi, ka mayar da murfi.

Zan iya neman jinjirin watan azumi da shi?

Ƙwarai, yana taimakawa, amma sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Wallahi kada ka kusanci rana da jumel ko teleskop ko na ƙiftawar ido, yana ƙona ido nan take kuma babu magani. Idan akwai ƙannenka a gida, ka ajiye shi inda hannunsu ba ya kaiwa da rana.