Akwatuna goma da gwangwanin madara biyu: takardun da Yahudawan Warsaw suka binne

A ranar 18 ga Satumba 1946, masu tonon kufai a Warsaw, babban birnin Poland, suka zaƙulo akwatunan ƙarfe goma daga ƙarƙashin ɓaraguzan wata makaranta. Maƙil suke da takardu. Ruwa ya shige su, wasu sun yi fumfuna, wasu sun manne da juna. Waɗannan takardu su ne ake kira Taskar Ringelblum, kuma duk mai nazarin abin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu sai ya bi ta kansu.

Wane ne Ringelblum, kuma me ya kai shi tara takardu a tsakiyar yaƙi?

Emanuel Ringelblum masanin tarihi ne, malamin makaranta, an haife shi a 1900. Digirinsa na uku a Jami'ar Warsaw ya yi shi, a kan tarihin Yahudawan birnin. Da Jamus ta mamaye Poland a Satumban 1939, yana cikin masu aikin agaji, don haka kullum yana tare da 'yan gudun hijira daga ƙananan garuruwa, kowa da labarin da ya zo da shi. Da rana ya saurara, da dare ya rubuta.

A Nuwamban 1940 Jamusawa suka kulle Yahudawan Warsaw a wata unguwa da aka zagaye da katanga mai tsawon kusan mita 3, wadda ake kira geto. Mutum sama da 400,000 aka cusa a filin da bai kai murabba'in kilomita 4 ba. Rabon abincin da hukuma ta ware wa Bayahude bai kai kalori 200 a rana ba, abin da ko jariri ba zai riƙe ba. Kafin tsakiyar 1942, yunwa da cuta sun kashe kimanin mutum 80,000. A cikin wannan hali Ringelblum ya ga aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya haɗa ƙungiyar asiri ta mutum kusan 60: malamai, marubuta, 'yan jarida, masana tattalin arziki, har da malaman addini. Ran Asabar suke haɗuwa, shi ya sa suka laƙaba wa kansu Oyneg Shabes, wato farin cikin ranar Asabar, sunan da ba zai ja hankalin kowa ba.

Me suka tara?

Kusan duk abin da hannu ya kai. Akwai sanarwar Jamusawa da aka ɓamɓaro daga bango, katin rabon abinci, tikitin jirgin tarago na cikin gari, takardar gayyatar wasan kwaikwayo, jaridun da ake bugawa a ɓoye, har da takardar naɗe alewa. Mai karatu zai iya cewa me alewa ta haɗa da tarihi. To, ita ce shaidar cewa a unguwar da mutane ke faɗuwa matattu a titi, akwai masu dafa alewa suna sayarwa, akwai kuma masu kuɗin saye.

Ba tsintuwa kawai suka tsaya yi ba, sun kuma sa mutane rubutu. Yara 'yan makaranta sun rubuta insha'i a kan yadda aka kore su daga garuruwansu. An yi hira da mata a kan yadda yaƙi ya juya rayuwarsu. An rubuta rahoto a kan masu fasa-ƙwaurin abinci, waɗanda yawancinsu yara ne ƙanana masu bi ta ramukan katanga, su dawo da dankali a cikin riga. Rachel Auerbach, wadda ke kula da wani wurin raba miya a titin Leszno, ta rubuta abin da take gani a fuskokin masu layi kullum. Ringelblum ya nace a rubuta da ɗumi-ɗumi, tun kafin bala'in gobe ya shafe na yau daga zukatan mutane.

Ai Jamusawan ma sun bar tulin takardu. Me ya sa ake buƙatar waɗannan?

Sun bari ƙwarai. A garin Bad Arolsen na Jamus akwai taska mai ɗauke da takardu kusan miliyan 30 da suka shafi mutum kimanin miliyan 17.5 da 'yan Nazi suka tsare, ko suka sa aikin dole, ko suka raba da gidajensu. Akwai kuma wani saƙon waya da wani jami'in Nazi mai suna Höfle ya aika a Janairun 1943, wanda Birtaniya ta kama a iska, yana lissafa mutum 1,274,166 da aka kai sansanonin kisa huɗu zuwa ƙarshen 1942.

Amma a takardar mai kisa, wanda aka kashe lamba ne kawai. Ɗauki rahoton Jürgen Stroop, kwamandan Jamusawa da ya murƙushe boren da Yahudawan geton suka yi a 1943. Shi ya tsara shi da hotuna don ya burge na sama da shi, kuma daga ciki ne aka samu hoton nan na yaro mai hula da ya ɗaga hannuwa sama, soja na bayansa da bindiga. Hoton ya zagaye duniya, amma wanda ya ɗauke shi ɗan ɓangaren masu bindigar ne. Abin da Oyneg Shabes ta yi shi ne ta ba mutanen da ke gaban bindigar damar faɗin nasu da bakinsu, da harshen Yidish da Polanci da Ibrananci, alhali ba su san ƙarshen labarin ba. A ganina wannan rashin sanin shi ya fi ba takardun nauyi. Wanda ya tsira ya ba da labari bayan shekara 20, ya riga ya san yadda ta kaya. Wanda ya rubuta a 1941 yana nan yana lissafin kuɗin burodi, yana sa ran yaƙi zai ƙare kafin sanyi.

Sun rufa wa nasu asiri?

Ko kaɗan. Akwai kakkausar suka ga majalisar Yahudawa da Jamusawa suka naɗa ta gudanar da geton, da 'yan sandan Yahudawa da suka taya kama mutane, da masu cin hanci, da masu kuɗin da ke shagali a gidajen abinci. Shugaban majalisar, Adam Czerniaków, ya kashe kansa a ranar 23 ga Yuli 1942, kwana ɗaya da fara kwashe mutanen geton zuwa sansanin kisa na Treblinka, duk da haka wasu marubutan ba su sassauta masa ba, suna ganin ya kamata ya fara gargaɗin jama'a. An kuma rubuta labarin Polawan da suka tona asirin maƙwabta, da waɗanda suka ɓoye su suna sane cewa hukuncin hakan kisa ne.

Takardun sun amfana wa wani tun yaƙin na ci?

A farkon 1942 wani mutum da aka fi sani da Szlamek ya tsere daga Chełmno, inda ake kashe mutane da hayaƙi a cikin motoci masu rufi. An tilasta masa aikin binne gawarwaki. Ya iso Warsaw, Hersh Wasser, sakataren ƙungiyar, ya ɗauki bayaninsa dalla-dalla. Ta hannun 'yan gwagwarmayar Poland irin waɗannan rahotanni suka isa Landan, kuma a ranar 26 ga Yuni 1942 BBC ta watsa labarin kisan. Ringelblum ya rubuta farin cikinsa a littafinsa, yana ganin duniya ta ji. Duniya ta ji, amma bayan ƙasa da wata ɗaya aka fara lodin mutane a jiragen ƙasa. Daga 22 ga Yuli zuwa 21 ga Satumba, an kwashe kimanin 265,000 zuwa Treblinka aka kashe su.

Yaya aka yi aka binne su?

Ana tsakiyar wannan kwasa, a farkon Agustan 1942, wani malami mai suna Israel Lichtenstein da ɗalibansa biyu, Dawid Graber da Nachum Grzywacz, suka shirya takardun a akwatuna goma suka binne a ƙarƙashin makarantarsu, gida mai lamba 68 a titin Nowolipki. Kowannensu ya saka wasiyyarsa. Graber, mai shekara 19, ya rubuta cewa abin da suka kasa kwarmata wa duniya sun binne shi a ƙasa. Lichtenstein ya roƙi a tuna da matarsa Gela Seksztajn, mai zane, wadda zane-zanenta sama da 300 ke cikin akwatunan, da 'yarsu Margalit mai wata 20, wadda ya ce har ta iya Yidish. Babu wanda ya rayu a cikinsu.

Kashi na biyu an binne shi a Fabrairun 1943 a wannan gidan, cikin gwangwanayen madara biyu. Kada a ɗauka irin ƙaramin gwangwanin shayi ne. Manyan tuluna ne na ƙarfe masu murfi, waɗanda ake dakon madara da su daga gona. Kashi na uku an ɓoye shi a titin Świętojerska dab da boren 19 ga Afrilu 1943.

Ina Ringelblum ya ƙare?

Ya ɓuya da matarsa da ɗansa Uri a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a lambun wani Bapole, Mieczysław Wolski, tare da wasu Yahudawa sama da 30. A can ma bai ajiye alƙalami ba. A Maris 1944 aka tona asirin maɓoyar, aka harbe su duka a kufan geton, har da mai lambun. A cikin 'yan ƙungiyar, uku kaɗai suka ga ƙarshen yaƙi: Rachel Auerbach, Hersh Wasser da matarsa Bluma.

To yaya aka gano wurin, tunda an rushe unguwar?

Wasser ya san gidan, amma babu gida, babu titi, sai tudun bulo iya ganin ido. Cocin Saint Augustine da ke titin Nowolipki na cikin 'yan gine-ginen da suka rage a tsaye, da hasumiyarta aka yi awo har aka dace. Gwangwanayen madarar kuwa sai a Disamban 1950 ma'aikatan gini suka ci karo da su, kuma takardun ciki sun fi na akwatunan lafiya nesa ba kusa ba, don murfin ya hana ruwa shiga.

Jimilla an samu takardu kusan 6,000, shafi kimanin 35,000. Suna Cibiyar Tarihin Yahudawa da ke titin Tłomackie a Warsaw, kuma a 1999 UNESCO ta sa su a jerin kayan tarihin duniya da take kiyayewa. Gwangwani ɗaya yana nan a cibiyar, ɗayan an ba da aronsa ga gidan tarihin kisan kiyashin da ke Washington. Kashi na uku har yau ba a same shi ba. Filin da ake kyautata zaton yana ciki yanzu harabar ofishin jakadancin Sin ne, an tona a 2003 ba a dace ba.