Idan ɗan sanda ya ce mu je ofis: iyakar ƙarfinsa da haƙƙinka a doka

Sau da yawa rigimar da ke ƙarewa da fasasshen kai ba da babban laifi take farawa ba. A ce a Kwangila ne, a Zariya, da yamma, lokacin da motoci da Keke Napep suka cushe. Ɗan sanda ya tsayar da ɗan acaba, ya miƙa hannu zai zare makulli, ɗan acaban ya riƙe masa hannu. Nan take jama'a suka zagaye su, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Kafin a ankara, maganar takardun mashin ta koma tuhumar dukan jami'i a bakin aiki, shi kuma yaron yana kwance a bayan mota da jini a riga. A irin wannan tsayuwa doka tana da magana a kan mutum biyun duka.

Mu fara da ɗan sandan, domin shi ne mai bindiga. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 33, ya ba kowa haƙƙin rayuwa, amma ya bar ƙofa: ana iya amfani da ƙarfi gwargwadon larura don kare mutum daga farmaki, don kama wanda doka ta yarda a kama ko hana shi tserewa, ko don kwantar da tarzoma. Wannan ƙofa ce aka daɗe ana fakewa da ita. Tsohon umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 237 ya halatta harbin wanda ake zargi da babban laifi idan ya gudu kuma babu wata hanyar kama shi. A 2019, zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu, aka sake rubuta umarnin. Yanzu ma'aunin shi ne rai: bindiga sai idan akwai barazanar kisa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa, kuma sauran hanyoyi sun gaza. Gudu kaɗai ba ya halatta harsashi. Yaron da ya yar da mashin ya ruga lungu a Tudun Wada, babu makami a hannunsa, a bi shi ko a nemo shi gobe, amma ba a harbe shi a baya.

Ƙasa da bindiga ma haka abin yake. Ƙarfi yana tafiya ne da turjiya, idan turjiya ta ƙare shi ma ya ƙare. Wanda ya miƙa hannu ya ce “Yallaɓai, mu je”, duk marin da ya biyo baya zalunci ne, ba aikin ɗan sanda ba ne. Har ankwa ba a sa ta haka kawai. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na shekarar, ta ce ba a ɗaure wanda aka kama sai in ana fargabar zai yi faɗa ko ya gudu, ko don lafiyar shi kansa, ko kotu ce ta ce a yi.

Wannan doka ta taɓo abubuwan da suka fi damun talakan Zariya. Ta hana kama wani a madadin wani: ba a tafiya da tsoho ko matar gida don ɗansu ko mijinta ya kawo kansa. Ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki, wato ɗan kasuwar Sabon Gari da ke bin wani kuɗin kaya kotu zai je, caji ofis ba wurin karɓar bashi ba ne. Ta ce sutura ko askin mutum ko shekarunsa ba su isa dalilin zargi ba, abin da ɗaliban Samaru da Kongo ya kamata su riƙe da kyau. Mace kuwa mace ce ke caje jikinta. Jihar Kaduna ma tana da tata dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2017, wadda ta bi sahun ta tarayya ta 2015 a kan waɗannan kariya.

To, ɗan acaban fa? A nan ne nake so mu yi wa kanmu gaskiya. Ɗan sanda na da ikon kama mutum ko babu takardar kamu daga kotu, muddin yana da dalili mai ma'ana na zargin ya aikata laifi. Kuma sashe na 98 na dokar 2020 ya ce wanda ya doki ɗan sanda, ko ya tare shi, ko ya turje masa a bakin aiki, ko ya zuga wani ya yi, zai iya fuskantar tarar naira 500,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. A lura da batun zugawa, domin ya shafi masu taruwa suna ihun “kada ka yarda”. Riƙe hannu, cakumar riga, fizge makulli, gudu, duk za a iya rubuta su a matsayin turjiya, kuma tuhuma ce mai zaman kanta. Ko an wanke ka daga zargin farko, wannan na iya tsayawa.

Wani zai ce, in kamun ma ba bisa doka yake ba fa? Tambaya ce mai kyau, amma alƙali ne zai amsa ta, kuma ba ya nan a bakin titi. Wanda ke nan mutum ne mai kulki da bindiga, wataƙila a gajiye, wataƙila a fusace. Shi ya sa shawarata ita ce a bar jiki ya yi sanyi, baki ya yi aiki. Tambaya ba turjiya ba ce. Kana iya cewa cikin ladabi, “Yallaɓai, wane laifi ake zargina da shi? Wane ofis za a kai ni? A bar ni in kira ɗan'uwana.” Wajibi ne a gaya maka dalilin kama ka, kuma wajibi ne a sanar da danginka ba tare da an caje ka kuɗi ba. Ka haddace sunan da ke ƙirjinsa da lambar motar. Wanda ke gefe ya tsaya nesa kaɗan, ya zama shaida.

Da an isa ofis, sashe na 35 na kundin tsarin mulki ne garkuwarka. Kana da damar yin shiru har sai ka ga lauya ko wani da ka zaɓa. Cikin awa 24 a sanar da kai dalilin tsare ka a rubuce, da harshen da kake ji. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a sitatimen da ba a karanta maka da Hausa ba. Inda akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya ne wa'adin gurfanar da kai, kuma Zariya akwai kotunan majistare da babbar kotu, don haka ajiye mutum mako guda a sel a kan ƙaramin laifi ba shi da hujja. Laifukan da hukuncinsu kisa ne suna da nasu tsarin. Beli kyauta ne, kuma mace na iya tsayawa wa mutum. Na san abin da ake yi a zahiri ya sha bamban, mutane na biya don su tsira da mutuncinsu, ba na kuma zarginsu. Amma duk wanda ya biya ya san cin hanci aka karɓa daga gare shi.

Azabtarwa kuwa babu uzuri a kanta. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25, kuma cewa “oga ne ya sa ni” ba ya kuɓutar da jami'i. Amsa laifin da aka tatso da duka kotu ba ta karɓarsa a matsayin hujja. Wata doka ta 2017 ta wajabta wa asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya duba mai raunin harsashi nan take ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Wanda aka zalunta ya fara da asibiti, ya karɓi rahoton likita, ya ɗauki hoton raunin tun yana sabo, ya rubuta rana da lokaci da sunayen shaidu. Daga nan zai iya kai ƙorafi ga DPO ko kwamishinan 'yan sanda a Kaduna, ko sashen karɓar ƙorafin jama'a na rundunar, ko Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda mai ladabtar da jami'ai, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Marar ƙarfin ɗaukar lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Babbar kotu na sauraron ƙarar tauye haƙƙi, kuma sashe na 35 ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba ya cancanci diyya da neman afuwa a bainar jama'a.