Cordwainer: Sunan Baduku da Ya Taso daga Ƙurɗuba

Wane ne ake kira cordwainer a Turanci?

Baduku ne, amma ba kowane baduku ba. Shi ne mai yanka sabuwar fata ya ɗinka sabon takalmi. Tsohuwar kalma ce, da wuya ka ji ta a bakin Bature a hira ta yau da kullum.

Ina kalmar ta samo asali?

Daga sunan gari. Ƙurɗuba ta Andalus, wadda ke ƙasar Sifaniya a yau, garin da ake jingina wa Imam Alƙurɗubi mai tafsiri. A zamanin mulkin Musulmi, majeman garin sun shahara da jimar fatar akuya da alif, ta fito da laushi da ƙarko, sannan a rina ta. Turawa suka riƙa kiran wannan fata da sunan garin, cordovan ko cordwain. Faransawa suka kira mai aikinta cordoanier, kalmar ta ƙetara Ingila bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066, harshen Ingilishi ya lanƙwasa ta zuwa cordwainer. Da tafiya ta yi tafiya, sai sunan ya bi duk mai ɗinkin sabon takalmi, ko fatarsa ba ta taɓa ganin Ƙurɗuba ba. Abin da ke burge ni shi ne birnin ya fita daga hannun Musulmi tun 1236, amma aikin hannun majemansa ya riƙe sunansa a bakin baƙi har yau.

To ba shi ne cobbler ba?

A'a. Cobbler mai gyara ne, irin wanda muke ce wa shumeka, mai zama da basilla da zare yana ɗinke takalmin da ya tsinke. A tsohuwar Landan kowa da ƙungiyarsa, kuma masu ɗinkin sabo ba sa yarda a haɗa su da masu faci. Wanda ke jeme fatar kuwa tanner ne, wato majemi. Shi da ɓawon itacen oak yake jima, namu majeman da bagaruwa.

Akwai abin da ya yi kama da haka a wajenmu?

Ƙwarai. Jar fatar akuyar Sakkwato da ake jemewa a ƙasar Hausa, a da fatake kan ɗora wa raƙuma su ratsa Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka. Da ta isa Turai, sai aka kira ta fatar Maroko, don ta can ta shigo musu. Majeman Ƙurɗuba sun ci sunan aikinsu, na Kano da Sakkwato kuwa wani ya ci. Wannan yana min ciwo duk sa'ad da na ga dukawan Ƙofar Wambai sun duƙufa a kan fata.

Kalmar tana raye?

Tana nan. Ƙungiyar cordwainers ta Landan, wadda dokokinta na farko suka koma 1272, ba ta rushe ba, kuma akwai gunduma mai suna Cordwainer a tsohon birnin. Sai dai cordovan ta yau fatar doki ce, daga kuturinsa ake cire ta, ana yin takalma masu tsada da ita.