Zaɓen Manhajar Riga-kafin Kwamfuta

Manhajar riga-kafi, wadda masu gyaran kwamfuta suka fi sani da antibayiras, manhaja ce da ake ɗora wa kwamfuta domin ta gano mugayen manhajoji, ta hana su aiki, sannan ta killace su ko ta goge su. Sunan ya samo asali ne tun zamanin da bayiras, wato manhajar da ke maƙale wa fayil tana hayayyafa, ita ce babbar barazana. A yau aikin ya haɗa da manhajar da ke sojan gona a matsayin abu mai amfani, da ta leƙen asiri mai satar kalmar sirri, da kuma ta garkuwa da bayanai, wadda ke kulle fayilolin mutum har sai ya biya kuɗin fansa. Kusan duk sanannun manhajojin riga-kafi na yanzu suna yaƙar waɗannan gaba ɗaya, don haka bambancin sunaye da ake gani a kan kwali ya fi zama na talla.

Asali da yadda take aiki

Bayiras ɗin farko da ya yaɗu a kwamfutoci samfurin IBM shi ne Brain, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta a birnin Lahore na Pakistan a 1986. Shekara guda bayan haka John McAfee ya kafa kamfaninsa a Amurka, Symantec ya fitar da Norton AntiVirus a 1991, aka kuma kafa Kaspersky a Mosko a 1997. Manhajojin farko suna aiki ne da tambari: ana ajiye alamar kowane bayiras da aka sani a cikin kundi, duk fayil ɗin da ya dace da alamar sai a kama shi. Da masu ɓarna suka koyi sauya wa manhajojinsu kama a kowace fita, sai aka ƙara da lura da ɗabi'a. Idan wata manhaja ta fara kulle ɗaruruwan fayiloli a cikin minti guda, ana tsayar da ita ko da ba a taɓa ganin irinta ba. Yawancinsu kuma suna tura alamar fayil ɗin da suke shakka zuwa kamfaninsu ta intanet domin a tantance nan take.

Wannan ne ya sa riga-kafin da ya yi wata uku bai sabunta kansa ba ba shi da amfani sosai, kome tsadarsa. A inda data ke da tsada har ake kashe sabuntawa domin tattali, wannan batu ya fi sunan kamfani muhimmanci.

Ma'aunin kwatantawa

Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da ke gwada waɗannan manhajoji suna wallafa sakamako kyauta, daga ciki akwai AV-TEST a Magdeburg ta Jamus, da AV-Comparatives a Innsbruck ta Ostiriya, da SE Labs a Birtaniya. AV-TEST na ba da maki shida a kan ƙarfin kariya, shida a kan nauyin da manhajar ke ɗora wa kwamfuta, shida a kan sauƙin amfani (wato ƙarancin kama marar laifi), jimilla 18. Manyan sunaye irin su Bitdefender na Romaniya, da ESET na Sulobakiya, da Norton, da Microsoft Defender kan zo kusa da juna a wajen kariya, shi ya sa sauran ma'aunai biyun ne suka fi raba gardama. Kwamfutar da aka saya ta hannu, mai ƙaramin ƙwaƙwalwa da tsohon faifai, za ta iya zama kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da kima idan aka ɗora mata manhaja mai nauyi.

Kama marar laifi ma illa ce babba. A Afrilun 2010 wata sabuntawa ta McAfee ta ɗauki wani muhimmin fayil na Windows XP a matsayin bayiras, dubban kwamfutocin ofisoshi suka riƙa mutuwa suna tashi ba tsayawa.

Kwamfutar gida

Tun daga Windows 8 a 2012, Microsoft ke haɗa cikakken riga-kafi a cikin tsarin, kuma ga mai amfani na yau da kullum Defender ya wadatar muddin Windows ɗin na samun sabuntawa. Kwamfutocin Apple ma suna zuwa da tasu kariyar, wato XProtect da Gatekeeper. Mai sayen na kuɗi yawanci yana biyan ƙari ne, kamar ma'ajiyar kalmomin sirri ko sa ido a kan abin da yara ke buɗewa, kuma ya kamata ya duba farashin shekara ta biyu, domin rangwamen shekarar farko kan ɓace. Ba a ɗora riga-kafi biyu masu tsaro a lokaci guda, domin kowanne zai iya ɗaukar ɗan'uwansa a matsayin mai kutse. Abin da ake yi shi ne a bar ɗaya a bakin aiki, a riƙa kiran wani, irin Malwarebytes na kyauta, ya yi bincike jefi-jefi.

Na kyauta ma yana da nasa farashin. A farkon 2020 aka bankaɗo cewa Avast na sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta ta hannun reshensa Jumpshot, kuma a 2024 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 16.5. Mafi muni shi ne riga-kafin da aka fasa wa lasisi, irin wanda mai gyara ke kwafo wa mutum tare da sauran manhajoji, domin sau da yawa ɓarawon na cikin kayan mai gadin.

A shagunan buga takardu da ke kewaye da makarantu, filashi ce babbar hanyar yaɗuwa. Ɗalibi zai kai aikinsa a buga, ya dawo ya tarar foldojinsa duk sun koma 'yan alamomi masu ƙaramar kibiya a gefe. Fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi, amma da zarar ya danna alamar sai bayiras ɗin ya sauka a kwamfutarsa. Don haka mai yawan karɓar filashin mutane ya nemi riga-kafin da ke bincikar ta da zarar an soka.

Kwamfutocin kasuwanci

A ofis tambayar takan sauya, domin ba za a dogara da kowane ma'aikaci ya kula da tasa ba. Abin da ake nema shi ne allo guda inda jami'i zai ga dukkan kwamfutoci, ya san wadda ta daina sabuntawa, ya hana ma'aikaci kashe kariya, ya kuma cire wadda ta kamu daga layin sadarwa kafin ta shafa wa sauran. Manyan kamfanoni na ƙarawa da manhajojin da ke adana tarihin abin da ya faru a kowace na'ura domin a bi sawun mai kutse. A Najeriya dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin sa'o'i 72 idan an yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan, kuma wanda ba shi da wannan tarihi ba zai ma san abin da zai faɗa ba.

Riga-kafi na zaune ne a can ƙuryar tsarin kwamfuta, yana ganin kowane fayil, saboda haka zaɓensa ba da amana ne. Amurka ta hana hukumomin gwamnatinta amfani da Kaspersky a 2017, sannan ta haramta sayar da shi a ƙasar a 2024 bisa fargabar tasirin gwamnatin Rasha, zargin da kamfanin ya musanta. A ranar 19 ga Yulin 2024 kuwa, kuskure ne a wata sabuntawa ta kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro. Tun daga lokacin masu saye suka ƙara tambayar ko za a iya gwada sabuntawa a kan 'yan kwamfutoci kafin a sake ta ga kowa.

Akwai kuma ɓarakar da riga-kafi ba ya toshewa. WannaCry, wani bayiras na garkuwa da bayanai wanda ya afka wa ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017 har ya gurgunta asibitocin Ingila, ya bi ta wata kafa ce da Microsoft ya riga ya fitar da gyaranta tun watan Maris. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma ofishin da ke kan waɗannan ba tare da tsarin ƙarin sabuntawa ba yana buƙatar ya sa kuɗin sauya su, da na ajiye kwafin bayanai a faifan da ba ya jone da kwamfuta, a cikin kasafi ɗaya da kuɗin lasisin riga-kafi.